Wane yaren kwamfuta zan kama, kuma buɗaɗɗiyar waya tana ɓoye sirrin mutum da gaske?

Sagir:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya biyu gare ni, kodayake ɗaya ce ta haifi ɗayar. Na fara koyon rubuta manhaja da Python, na kuma ɗan yi nisa. Burina wata rana in sa hannu a aikin wayoyin nan da rubutun manhajarsu yake a buɗe kowa na iya dubawa, irin su LineageOS da GrapheneOS. To wasu sun ce min ɓata lokaci nake yi da Python, in koma C. Wasu kuma sun ce C ya tsufa, yanzu Rust ake yayi. Wanne zan kama? Ta biyun kuma: idan na cire Android ɗin da wayata ta zo da shi na ɗora ɗaya daga cikin waɗancan, shi ke nan na tsira daga masu tattara bayanan mutane, ko kuwa an gudu ne ba a tsira ba? Don Allah masana a taimaka.

Malam Tukur:
Wa alaikumus salam Sagir. Kada ka bari kowa ya sa ka jefar da Python. Tun 1991 Guido van Rossum ya fitar da shi, kuma har gobe da shi ake aikin nazarin bayanai da ƙirƙirarriyar basira. Abin da ka koya a can na tsara tunani da rarraba babbar matsala ƙanana-ƙanana zai bi ka duk yaren da ka koma. Sai dai gaskiya ba da Python ake gina waya ba. Android hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai Linux, wanda kusan dukansa da C aka rubuta. Sama da shi akwai C++ mai yawa, sannan Java da Kotlin a can sama. In manhajojin da mutane ke taɓawa da yatsa kake son rubutawa, Kotlin za ka nufa. A 2017 Google ya karɓe shi a hukumance, a 2019 kuma ya ce shi ya fi so masu rubuta manhajar Android su riƙe. In kuwa can cikin wayar kake son shiga, ba makawa sai ka iya karanta C.

Injiniya Rabi:
Ƙanena Sagir, iya karanta C dole ne, a nan ba ni da ja da Malam. Amma sabon abin da za ka rubuta da hannunka, ni dai Rust zan ce maka. Kuma a daidai nan tambayoyinka biyu suka haɗu, don yaren da aka rubuta waya da shi yana da hannu a yawan ƙofofin da masu kutse ke samu.

A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake toshewa kowace shekara daga kuskuren sarrafa ma'adanar kwamfuta take fitowa, wato wurin da manhaja ke ajiye bayanai lokacin da take aiki. Masu Chrome suka duba manyan matsalolinsu, suka samu kusan adadi ɗaya. Google kuma ya ce a Android irin wannan ɓaraka ta sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024. Abin da ya fi burge ni shi ne ba tsohon aikin suka zauna suka sake rubutawa ba. Sabon da ake ƙarawa ne aka koma yi da yarukan da ke tsare ma'adana da kansu, ciki har da Rust. Ashe yawancin ɓaraka a sabon rubutu take, tsohon kuwa an daɗe ana tsefe shi.

Baffa Lawan:
'Yata Rabi, na ji alƙalumanki, ban kuma musa su ba. Amma ina jin zafin yadda ake maganar C kamar shi ne mai laifi. Tun 1972 da Dennis Ritchie ya samar da shi duniya take tsaye a kansa. Yare ba ya kuskure, mai rubutu ne ke yi. Ki tuna ɓarakar da aka gano a watan Disambar 2021 a Log4j, wani ɗan sashe da manhajoji da yawa ke amfani da shi, yadda aka kwana ana toshe sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, a duk duniya. Da Java aka rubuta shi, yaren da ke tsare ma'adana. Ina tsarewar ta hana?

Sannan yaron nan koyo yake. Wanda bai taɓa nemo wuri a ma'adana da hannunsa ya kuma sake shi da hannunsa ba, bai san abin da Rust ke kare shi daga gare shi ba. Zai riƙa faɗa da dokokin yaren ne kawai ba tare da ya san dalilinsu ba, ya gaji ya ajiye.

Injiniya Rabi:
Baffa, batun Log4j gaskiyarka ce, kuskuren tsari ne, kuma babu yaren da zai yi wa mutum tunani. Ban ce Rust maganin komai ba ne. Amma "mai rubutu ne ke kuskure" ɗin nan, bari mu duba shi da ɓarakar da aka kira Heartbleed ta watan Afrilun 2014.

A OpenSSL, manhajar da ke kulle bayanan da ke wucewa tsakanin kwamfuta da saba, akwai ɗan saƙon da kwamfuta ke aika wa saba don ta tabbatar har yanzu suna haɗe. Ta aika 'yan haruffa, ta faɗi yawansu, sabar ta maido mata da su. Sai aka manta ba a sa sabar ta auna ko yawan da aka faɗa shi ne ainihin yawan da aka aiko ba. Mai kutse sai ya aiko harafi uku ya ce dubu sittin ne. Sabar ta maido masa ukun, ta ci gaba da kwaso duk abin da ke maƙwabtaka da su a ma'adana har kusan kilobait 64: kalmomin sirrin mutane, saƙonninsu, wani lokaci har makullan sabar kanta. Ya sake aikowa, ta sake kwasowa. Kuma ba ya barin sawu.

Waɗanda suka rubuta wannan ba 'yan koyo ba ne, kuma wani ya duba aikin kafin a karɓe shi. Awo ɗaya ne ya kuɓuce musu. A Rust, in ka nemi karanta abin da ya wuce iyakar wurin da aka ware, shirin tsayawa yake yi, ba ya miƙa maka kayan maƙwabci. Kowane yanki na ma'adana kuma yana da mai shi guda ɗaya, in ka saki wuri sannan ka dawo za ka yi amfani da shi, tun kafin manhajar ta haɗu za a ƙi karɓar rubutunka. Shekara hamsin ana ce wa mutane su kula, ƙwararru ma suna faɗawa. Shi ya sa Linux kansa ya buɗe wa Rust ƙofa a fitowa ta 6.1, Disambar 2022.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne tsarin koyo. Ya taɓa C tukuna ya ga ramin da idonsa.

Ummi:
Ku yi haƙuri Anti Rabi, ni ba mai rubuta manhaja ba ce, karatu kawai nake yi a nan. Duk wannan magana ta C da Rust, me ya haɗa ta da hotunana da saƙonnina? Ni abin da ke damuna ke nan.

Injiniya Rabi:
Tambaya mai kyau Ummi, kuma haɗin kai tsaye ne. A 2015 an gano wata ɓaraka a Android da aka kira Stagefright, a sashen da ke buɗe bidiyo. Mutum na iya aiko miki da saƙon MMS da aka shirya musamman, wayar ta fara sarrafa shi da kanta tun ba ki buɗe ba. Lambarki kawai yake buƙata. A 2019 kuma WhatsApp ya sanar cewa an bi ta wata ɓaraka a sashen kiransa an kai wa kusan mutum 1,400 hari da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO. Kira ne zai shigo, ko ba ki ɗauka ba an shiga. Duka biyun irin kuskuren ma'adanar nan ne da muke magana a kai. In aka shiga wayar kanta, kulle saƙo ba ya amfani, don a allonki za a karanta shi bayan ya buɗe.

Haruna:
Ni kuma inda nake da ja shi ne wannan imani da ake yi da buɗaɗɗiyar manhaja. Kullum a ce "kowa na iya dubawa". To wa ke dubawar? Anti Rabi da kanta ta kawo Heartbleed. OpenSSL a buɗe yake, amma kuskuren ya yi kusan shekara biyu yana zaune a gaban idon kowa, daga 2012 zuwa 2014. Sagir, in ka ɗora LineageOS, kai za ka zauna ka karanta miliyoyin layuka? Ba za ka karanta ba. Amana ka ɗauke daga hannun kamfani ka miƙa wa wasu mutanen da ba ka san ko fuskarsu ba. Kuma me ya tabbatar maka cewa fayil ɗin da ka sauke daga rubutun da aka wallafa aka haɗa shi?

Malam Tukur:
Haruna, tambayarka ta ƙarshe tana da amsa, kodayake ba ta game ko'ina ba tukuna. Akwai tsarin da ake haɗa manhaja ta yadda duk wanda ya ɗauki rubutun ya haɗa a tasa kwamfutar zai samu fayil iri ɗaya sak, har a kwatanta. Masu Debian, wani nau'in Linux, sun daɗe suna wannan aiki, F-Droid ma, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android, yana yi wa wasu manhajojinsa.

Batun wa ke dubawa kuwa, ka tuna xz a watan Maris na 2024. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe shekaru yana taimaka wa wannan ƙaramin aiki na matse fayil, har mai kula da shi, wanda aiki ya yi wa yawa, ya ba shi dama. Sai ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda da ta bazu da ta ba shi hanyar shiga sabobi masu ɗimbin yawa. Wa ya kama shi? Wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, tana kuma jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya tono abin, kafin ya isa manyan fitowar Linux da jama'a ke amfani da su.

Haruna:
Malam, wannan labari ai ni yake goyon baya. Sa'a ce kawai. Da mutumin bai damu da rabin daƙiƙa ba fa?

Malam Tukur:
Lura da jinkirin, ka kira shi sa'a in ka so. Amma bin sawun ba sa'a ba ne. Ya iya bi ne saboda rubutun da tarihin duk canjin da aka yi masa suna fili, kuma cikin 'yan kwanaki mutane a ƙasashe daban-daban suka warware abin zare-zare. Da rufaffiyar manhaja ce, iyakarsa ya aika ƙorafi ya jira.

Ka kwatanta da ANOM. Wayoyi ne da aka riƙa sayarwa a ɓoye da sunan babu mai iya karanta saƙonsu. A watan Yunin 2021 aka bayyana cewa hukumar FBI ta Amurka ce ke tafiyar da tsarin tun farko, kowane saƙo ana aika musu kwafi, aka kama mutum sama da 800. Masu laifi ne aka yi wa tarkon, ba ina kare su ba ne. Darasin da ya shafe mu shi ne masu riƙe da wayar ba su da wata hanya ta gane gaskiyar abin da aka faɗa musu. Buɗe rubutu ba ya tabbatar da cewa an duba, na yarda. Rufe shi kuwa yana tabbatar da cewa ba za a iya ba.

Abin da xz ya nuna min a gaskiya shi ne ƙarancin hannu. Duniya guda ta jingina a kan aikin da mutum ɗaya ke yi kyauta a lokacin hutunsa. Shi ya sa na ji daɗin burin Sagir.

Kabiru:
Bari in ba da nawa a matsayin wanda ke riƙe da irin wayar. Kamfanin da ya ƙera tawa ya daina aiko mata da sabuntawa alhali lafiyarta ƙalau, sai na yi mata filashin na ɗora LineageOS. Shi wannan aiki daga CyanogenMod ya samo asali, bayan an rufe wancan a ƙarshen 2016. Abin da na gani: wayar ta yi sauƙi, tarkacen manhajojin da ba a iya gogewa sun tafi, batir ya ƙara jimawa. Yawancin manhajojina daga F-Droid nake saukewa yanzu. Abin da na rasa: hoton kyamara ya ragu, musamman da dare, saboda dabarar gyaran hoton tana cikin rufaffiyar manhajar masu ƙera wayar. Manhajar bankina kuma ta ƙi buɗewa sam. Duk da haka ban yi nadama ba.

Injiniya Rabi:
Kabiru, ka sake kulle butlodar, wato sashen da ke tada babbar manhajar wayar in an kunna ta, bayan ka gama?

Kabiru:
A'a, a buɗe take. An ce in na kulle wayar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Injiniya Rabi:
Gaskiya aka faɗa maka, kada ka gwada. To Sagir, a nan gizo ke saƙa. Sirri daban, tsaro daban. Sirri shi ne wa ke karɓar bayananka da yardar wayar. Tsaro shi ne wa zai iya ƙwace su ba da yardarta ba. Kabiru ya ƙara na farko, amma ya rage wani ɓangare na na biyu. Waya mai kulle tana duba sa hannun babbar manhajarta duk lokacin da ta tashi, in an taɓa wani abu ta ƙi. In butloda a buɗe take, wannan binciken ya faɗi, kuma wanda wayar ta shiga hannunsa na ɗan lokaci zai iya ɗora abin da ya ga dama. Kamar ka sa wa tagogi labule mai kauri ne ka bar ƙofar baya ba sakata.

Akwai kuma wani abu. LineageOS na iya sabunta Android ɗin, amma ƙananan manhajojin da ke tuƙa modem, wato sashen da ke kama sabis, da sauran sassan wayar na masu ƙera ta ne, a rufe suke. In sun daina gyara su, sun tsaya ke nan.

Wannan ne dalilin da GrapheneOS ya daɗe yana tsayawa a kan wayoyin Pixel. Mutane na mamaki, ka gudu daga Google ka sayi wayar Google? Dalilin shi ne Pixel na barin ka ɗora wata babbar manhaja sannan ka sake kullewa da makullinta, yana da keɓantaccen guntun tsaro na Titan tun Pixel 3 a 2018, kuma daga Pixel 8 an yi alƙawarin sabuntawa ta shekara 7. A GrapheneOS za ka iya hana kowace manhaja shiga intanet gaba ɗaya, kuma in kana buƙatar manhajojin Google sai ka saka su a matsayin baƙi, ba su da wani iko na musamman.

Batun banki kuma: yawancin irin waɗannan manhajoji suna tambayar wani tsari na Google mai suna Play Integrity ko wayar tana ɗauke da Android ɗin da aka amince da shi. In amsar a'a ce, wasu su ƙi aiki. Abin da ke ba ni haushi shi ne tsohuwar wayar da ta shekara da shekaru ba a sabunta ta ba tana iya wucewa, wadda aka ƙarfafa tsaronta kuma a tare ta.

Haruna:
Duk na ji. Amma ko GrapheneOS ne, muddin akwai layi a wayar, kamfanin sadarwa ya san inda kake. Dole wayar ta yi magana da ƙarfen sabis mafi kusa, ta ba da lambar layin da lambar IMEI ta wayar, in ba haka ba kira ba zai same ka ba. Wannan ba a Android yake ba, a modem yake, kuma modem ɗin ƙaramar kwamfuta ce mai tata rufaffiyar manhaja. To ina buɗewar?

Malam Tukur:
Nan kam ba mai musa maka. Masu Librem 5 na kamfanin Purism, da suka fara tara kuɗin aikin a 2017, sun san da haka, shi ya sa suka ware modem ɗin daban suka kuma sa makunnai a gefen wayar da ke yanke wuta ga modem, da wayfay da bulutut, da kyamara da makirfo. PinePhone ma yana da irinsu a ƙarƙashin murfin baya. Su waɗannan ba Android ba ne ma, Linux ne kai tsaye. Amma da zarar ka kunna modem don a kira ka, ka koma inda Haruna ya faɗa. Kuma ba zan ba wanda waya ɗaya gare shi shawarar ya dogara da su ba, manhajojin yau da kullum sun yi ƙaranci a kansu. Ga mai koyo irin Sagir kuwa, ɗora postmarketOS, wani Linux na waya, a kan tsohuwar wayar da ba a amfani da ita makaranta ce babba.

Hajiya Binta:
Ina ta bibiyarku tun ɗazu. 'Ya'yana, ina ganin kun tafi can sama kun bar inda yawancinmu ke zubar da sirrinmu. Mu ba Pegasus ke bin mu ba, manhajojin da muka saka da hannunmu ne muka danna musu "na yarda". A 2020 an ruwaito cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin mutane ke duba lokacin salla da ita, tana ba wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode bayanin inda masu amfani da ita suke, shi kuma yana da abokan ciniki cikin 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musa cewa sun sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin. Ko ma yaya ne, mutum ya ba da izinin ne don a nuna masa alƙibla, bai san bayanin zai yi wannan tafiya ba. A 2018 kuma taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin da masu motsa jiki ke bi ta tona wuraren sansanonin soja, ba tare da kowa ya yi kutse ba.

Ko wace irin waya ka riƙe, in ka ɗora waɗannan ka ba su izini, aikin banza ka yi. Kuma masu cewa "ni ba ni da abin ɓoyewa" su sani ba nasu kaɗai suke bayarwa ba. Ranar da ka ba manhaja izinin ganin lambobin wayarka, ka miƙa sunan mahaifiyarka da likitanka da duk wanda ya amince ya ba ka lambarsa, ba ka kuma nemi yardar ko ɗaya ba. Wannan haƙƙi ne.

Ummi:
Hajiya, wallahi wannan ta ƙarshen ta taɓa ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. To mu da ba za mu iya yi wa waya filashin ba, me za mu yi? Kuma WhatsApp ɗin da aka ce a kulle yake fa?

Malam Tukur:
Ummi, a kulle yake, tun Afrilun 2016 ya ɗauki tsarin kulle saƙo na manhajar Signal, daga wayarki zuwa wayar wanda kika aika wa. Abin da kika rubuta ba sa gani. Amma wa kika yi wa magana, yaushe, sau nawa, daga wace waya, wannan bayanin gefe ne kuma ba ya cikin kullen. Sau da yawa ya isa a san rayuwar mutum ko ba a karanta kalma ɗaya ba. Signal ya bambanta ne ta wajen ƙin ajiye irin wannan. A 2016 da wata kotu a jihar Bajiniya ta Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da shi, abin da suka iya bayarwa shi ne ranar da ya buɗe asusu da lokacin da ya haɗu da sabarsu na ƙarshe. Telegram kuwa mutane da yawa na zaton a kulle yake, alhali hirar yau da kullum da ta zaure ba a kulle take daga waya zuwa waya ba, sai kin buɗe hirar sirri da kanki, ita kuma tsakanin mutum biyu kawai ake yin ta.

Abin yi ba tare da filashin ba: ki shiga saitin izini ki duba wa ke ganin inda kike, da makirfo, da lambobinki, ki cire wa duk wanda ba ya buƙata. Ki goge lambar talla ta wayar, Android na da wurin yin haka, a iPhone kuma tun 2021 dole manhaja ta tambaye ki kafin ta bibiye ki. In kina ajiye kwafin hirar WhatsApp a intanet, ki kunna kullen kwafin, don ba ya zuwa a kunne. Sannan duk sabuntawar da ta zo ki saka ta a ranar.

Injiniya Rabi:
Ƙari kaɗan a kan na Malam, don Baffa ya ji: ainihin sashen da ke kulle saƙo a Signal yanzu da Rust aka rubuta shi.

Baffa Lawan:
Na ji 'yata, kuma wayar da yake gudana a kanta har yanzu C ne ke ɗauke da ita daga ƙasa. Za a daɗe ana buƙatar masu iya gyara shi, kuma mu da muka iya muna tsufa. Sagir, ka ji shawarata: ka riƙe Python ɗinka don ƙananan ayyuka, ka zauna da C har sai ka rubuta shirin da ya faɗi saboda ka taɓa wurin da ba naka ba, ka kuma gano dalilin da kanka. Daga nan ka tafi wurin Rabi ta koya maka Rust, zai shige ka cikin sauƙi.

Sagir:
Na gode ƙwarai Baffa, Malam, Anti Rabi, Hajiya da kowa. Zan bi wannan tsari. Tambaya ɗaya ta rage: wayar da nake amfani da ita ita kaɗai gare ni, kuma da ita nake harkar banki. In yi mata filashin ɗin ko in dakata?

Haruna:
In har masu ita na aiko mata da sabuntawa, ka bar ta yadda take, ka bi abin da Malam ya lissafa wa Ummi.

Kabiru:
Na goyi bayan Haruna a wannan. Ka nemi tsohuwar waya ka yi gwajinka a kai. Kafin ka taɓa komai ka shiga shafin LineageOS ko postmarketOS ka tabbatar ainihin samfurin wayar yana cikin jerinsu, lamba da lamba, don waya biyu na iya zama suna ɗaya amma kayan cikinsu daban, kuma fayil ɗin wata na iya kashe wata. Ka kuma tabbatar masu ƙera ta suna barin a buɗe butloda, don wasu sun hana gaba ɗaya. Buɗewar tana goge duk abin da ke cikin wayar, saboda haka ka kwashe hotuna da lambobi tukuna, ka cika batir, ka yi amfani da kebul mai kyau. In ka maƙale a wani mataki ka ɗauko hoton abin da allon ya nuna ka kawo nan mu duba tare.